Kafaɗa Biyu Nake Shafawa

Ranar Asabar da ta wuce wani saurayi daga cikinku, ku masu kokawar zamani da fararen riguna da ɗamara, ya faka babur a gindin darbejiyata da ke unguwar Moshi Zongo a Tamale. Ya zame rigarsa ta gefe guda, ya miƙo mini kafaɗar hagu kamar mai miƙa takalmi a goge masa. Na ce ya tuɓe rigar gaba ɗaya.

Ya ce, "Massa, wannan ɗaya ne ke ciwo. Ka shafa mai kawai, ina sauri."

Wasu dattawa biyu da ke zaune a kan bencina suka kalli juna. Ni kuwa na ce masa ba na taɓa kafaɗa ɗaya, ko biyu ko babu. Ya yi dariya, ya ce ya ga yadda ake yi a waya, ai murza nama ne da mai, kowa zai iya. To tunda haka kuke gani, ku zauna ku ji. Sunana Imoro, kuma kafaɗun 'yan kokawa nake gyarawa tun gemuna bai fito ba.

Aikina na farko a wannan sana'a ba jikin mutum na taɓa ba, karfatar akuya ce. Maigidana, Baba Seidu, wani Bamoshe ne gajere mai yatsu kamar saiwar rogo, kuma shi ya fara zama a gindin wannan bishiyar. Ranar da mahaifina ya kai ni wurinsa, bai ko tambayi sunana ba, sai ya ja ni rumfar mahauta. Ya sa aka buɗe mini gaɓar cinya, ya ce in duba. Ƙashin a zaune yake cikin rami mai zurfi, kamar taɓarya a turmi. Sannan ya sa aka buɗe ta kafaɗa. Ita kam babu rami, ɗan gurbi ne kawai, kamar ka ɗora lemo a kan murfin kwalba. Ya ce, "Ka gani? Wancan Allah ya kulle shi da ƙashi. Wannan nama da jijiya ne kawai ke riƙe shi. Shi ya sa hannu ke zuwa ko'ina, shi ya sa kuma yake fita." Na daɗe ina ɗebo masa ruwa da hura gawayi kafin ya bar ni na ɗora hannu a kan mutum, kuma ko a lokacin bayan wuya kawai ya yarda in murza.

Kayan aikin ba su da yawa, har yau kuma ban ƙara komai a kansu ba. Akwai man kaɗanya, wanda matan ƙauye suka tuƙa da hannu, ba irin na gwangwani mai ƙamshin turare ba. Akwai kasko na gawayi da tukunyar ruwan zafi da tawul. Akwai dogon benci, da ɗan bokiti mai yashi a ciki, da sandar gora, da robar cikin tayar keke wadda ta gama amfani. Wannan robar da kuke saya yanzu masu launi-launi a shago, mu wurin mai gyaran keke muke roƙonta, kuma tana ja fiye da taku.

Da sandar ake buɗe kafaɗa. Mutum ya riƙe ta da hannu biyu a ware, ya ɗaga ta a hankali ta wuce kansa ta sauka baya, ba tare da ya lanƙwasa gwiwar hannu ba. Da robar ake ba ta ƙarfi. A ɗaure ta a reshe, mutum ya manne gwiwar hannunsa a haƙarƙari, ya ja robar waje ya komo da ita ciki. Baba Seidu yakan cusa wa mutum hularsa a hammata, in hular ta faɗi, ƙarya kake, da baya kake ja ba da kafaɗa ba. Na ga ƙato wanda ke ɗaga buhun masara da hannu ɗaya yana zufa yana rawar jiki a gaban robar keke, hula tana faɗuwa, mata masu wucewa suna dariya. Sai kuma koyon faɗuwa, wanda ku ma ake koya muku: kada ka tare ƙasa da tafin hannu, ka naɗe ka mirgina. Kuma kafaɗa mai sanyi ba ta shiga fili, sai an motsa ta ta yi ɗumi tukuna.

A wancan zamanin, da an gama girbi, Tamale ta kokawa ce. Zabarmawa masu sayar da kaya a ka, Moshi masu shanu, Farafara masu aikin gini, Dagomba daga ƙauyuka, kowa da gwaninsa da makaɗansa. Bayan la'asar za ka ji kiɗa ya taso daga unguwar Nyanshegu, wani ya amsa daga ta Lamashegu, shi ke nan an rufe shaguna. Ina kewar wannan lokacin, ba na ɓoyewa. A makon wasa bencin nan ba ya hutawa, ƙatti a jere tsirara daga cibiya zuwa sama, suna ƙyalli da man kaɗanya, kowa yana cika baki.

A nan ne dokar Baba Seidu ta samo asali. A fili muke aiki, a bakin hanya, kuma kowace unguwa tana da masu leƙen asiri. Mai sayar da goro zai zo ya tsaya, wai inuwa yake sha, alhali yana ƙirga wace kafaɗa ka fi daɗewa a kanta. In aka gane gwaninku na hagu ke damunsa, to ranar wasa can abokin karawarsa zai nufa, kuma ba laifi ba ne, haka kokawa take. Saboda haka duk wanda ya zauna a bencin nan, abin da aka yi wa hagu shi za a yi wa dama, mai daidai, tawul daidai, roba daidai. Ko kambu, wato layar da ake ɗaurawa a damtse, sai dai a ɗaura biyu ko a bar hannu haka. Duk gari ya san wannan dalilin. Amma akwai dalili na biyu da tsohon yakan faɗa ba a saurara. Yakan ce in kafaɗa ɗaya ta kwanta, 'yar'uwarta ce ke ɗaukar aikin biyu, ba ta kuma kuka sai ranar da ta tsinke.

Aikin da ba na mantawa shi ne na Alidu. A lokacin Baba Seidu ya rasu, bencin ya dawo hannuna. Alidu shi ne gwanin Moshi Zongo, dogo, baƙi, mai yawan dariya. Sana'arsa lodin doya a manyan motoci a kasuwa, kuma da wannan kafaɗun yake ci da uwarsa, Mma Azara, da matarsa da ƙananan 'ya'yansa. Wata rana da hantsi aka kawo shi a baro, ya zamo daga bayan mota ya tare ƙasa da hannun hagu. Kafaɗar ta sauko gaba, inda ya kamata a ga tudu ya zama rami. Abokan aikinsa har sun fara cewa a taka hammata a fizga. Na kore su. Na kwantar da shi rub da ciki a kan benci, hannun yana lilo ƙasa, na ɗaura masa bokitin yashi a wuyan hannu, na sa tawul mai zafi a baya, na zauna ina ba shi labarin banza don naman ya saki. Ba a fizgar kafaɗa, lallashinta ake yi. Muna cikin hira sai muka ji ƙwas, ta koma da kanta. Na rataye masa hannun da zane, na tura shi asibiti a ɗauki hoto don a tabbata ƙashi bai fashe ba. Bai fashe ba.

Na gaya masa gaskiya. Kafaɗar da ta san hanyar fita sau ɗaya, tana iya sake bin ta. In yana so ya ci gaba da lodi, sai ya ba ni damina guda yana zuwa, kuma ya yi roba a gida safe da yamma, hagu da dama. Ya ce, "Yaya Imoro, duk abin da ka ce." Kuma hagun kam ya kula da ita kamar jaririya. Da yatsu ya fara hawan bango, kaɗan-kaɗan, har hannun ya miƙe sama. Daga nan sanda, daga nan roba. Kafin masara ta nuna, hula ba ta ƙara faɗuwa daga hammatarsa ta hagu ba.

Amma hannuna yana gaya mini wani abu dabam game da ta dama. Ya koma lodi da wuri, tunda gida ba ya jira, kuma duk doyar da a da yake rabawa kafaɗa biyu, yanzu a dama take sauka. Naman wurin ya yi tauri kamar busasshiyar fata. In na ce ya kai hannun dama bayansa ya taɓa tsakiyar gadon baya, sai ya tsaya a ƙugu. Na tambaye shi ko yana ja mata roba a gida.

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, a gida wa ke kallo? A nan bakin hanya ne muke yin biyu saboda mutanen Nyanshegu. Wannan na dama lafiyansa lau, shi ke ciyar da mu."

Na ce ai shi ya sa. Na maimaita masa maganar Baba Seidu, na nuna masa da yatsa inda jijiyar ta ɗaure. Ya ce to, to, ya ji. Irin jin da kuke yi ne in na yi muku magana kuna danna waya.

Shekarar nan Nyanshegu suna da wani gwani, Fuseini, wanda ya kayar da duk wanda aka kawo masa. Shi ma ɗan lodi ne, a mota ɗaya suke aiki da Alidu, a kwano ɗaya suke cin tuwon rana, kuma ba su taɓa karawa a fili ba. Ranar da Alidu ya faɗo daga mota Fuseini ya tafi ƙauye sayen doya, da ya dawo kuma aka ce masa zazzaɓi ne ya kwantar da abokinsa, don 'yan unguwarmu sun ɓoye maganar kafaɗar. Ko ya yarda ko bai yarda ba, bai taɓa tambaya ba. Da girbi ya zo, dattawan unguwannin biyu suka sa rana. Na je har gida na ce wa Alidu ya bari sai baɗi. Ya ce makaɗa sun riga sun kai sunansa ko'ina, in ya janye da wane ido zai shiga kasuwa. Ya ce wannan ce ta ƙarshe, daga ita ya ajiye.

Ranar wasan, da azahar, ya zo benci in ɗumama shi. Yana tuɓe riga na ga sabon kambu, jan fata, yana ƙyalli a damtsen hagu. Dama kuwa babu komai. 

Na ce, "Alidu, wa ya ɗaura maka wannan?"

Ya ce, "Mma ne. Ya je wurin malam tun jiya, ya ce a sa a hannun da ke ciwo."

Na ce ya cire, ko a nemo wani a ɗaura a dama. Ya ce guda ɗaya tak malamin ya rubuta, kuma abin da uwa ta ɗaura da hannunta tana addu'a, shi ba zai kwance ba. Na aika a kira ta. Ta zo da tsintsiya a hannu, tsohuwa ce 'yar ƙarama mai kaifin baki. Na yi mata bayani cewa wannan kambun tamkar ta hau kan rufi ne ta yi shela.

Ta ce, "Imoro, ɗana, kai ka san mai, ni na san ɗa. Wanda ke ciwo shi ake ba magani. Ka taɓa ganin an ba mai lafiya magani?"

 Ƙauna ce ta ɗaura kambun, kuma ƙauna ba ta sauraron mai shafa mai. Na ɗumama kafaɗun biyu iyakar iyawata, na ba shi sanda ya juya. Ta wuce kansa da ƙyar, ta dama tana tirjiya.

A filin makaranta aka yi, a Lamashegu, don kada wata unguwa ta ce an yi a gidanta. Jama'a har kan bishiyoyi. Alidu yana shiga fili na ji guna-guni ya bi ta ɓangaren Nyanshegu kamar iska a gonar dawa. Mutanen Fuseini suka fara ihu, "Hagu! Hagu! Kama hagu!" Na ga Fuseini ya tsaya, ya kalli kambun, ya kalli fuskar abokinsa. Ya daɗe yana kallo.

Aka haɗu. Duk mai ido ya ga abin da Fuseini ke yi. Sau da yawa hannun hagu ya zo masa a buɗe, yana kauce masa kamar garwashi. Mutanensa suna zaginsa, ko a jikinsa. Ya san gidan Alidu, ya san bakin da ke jiran wannan hannun. Sai ya zaɓi ya kayar da shi ta inda yake ganin ba zai cutar ba. Ya cusa kai ƙarƙashin hammatar dama, ya kama hannun ya ɗaga shi sama da baya, irin kamun da lafiyayyar kafaɗa ke shanyewa ba wahala. Ni ina gefe na ga kusurwar da hannun ya kai, na buɗe baki in yi ihu, kiɗa ya rufe muryata. Alidu bai ko kai ƙasa ba tukuna hannun ya saki, ya zubo kamar igiya.

Fuseini bai yi rawar nasara ba. Shi ya goya shi a baya har bakin hanya. Kafaɗar ba fita kawai ta yi ba, jijiyoyin da ke ɗaga hannu ne suka tsinke, ina taɓawa na sani, likitoci ma da muka kai shi haka suka ce. Na mayar da ƙashin wurinsa, amma abin da ya tsinke mai ba ya ɗinke shi. Ta hagu kuwa, wadda duk gari ke tsoro, ko gezau ba ta yi ba.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Gari ya ɗauka cewa hannun Imoro ba shi da albarka, an kai masa mutum da ciwo ɗaya ya dawo da biyu. 'Yan kokawa suka watse daga bencin nan, har masu zuwa hira suka canza hanya. Man kaɗanya ya daskare a tukunya. Matan da ke dakan sakwara a gidajen abinci su ne suka riƙe ni, da masu tuƙa kaɗanya, da wasu 'yan tura baro. Su ba ruwansu da surutun fili, kafaɗa ke damunsu, kuma daga wurinsu na gane taɓarya ma tana cin kafaɗa kamar yadda kokawa ke ci. Ban yi gardama da kowa ba. Mutum ɗaya ne ya tsaya a masallaci ya ce laifin ba nawa ba ne, shi ne Alidu, da hannunsa a rataye.

Lodi ya ƙare masa daga ranar. Hannun dama yana aiki daga gwiwa zuwa ƙasa, yana cin abinci in ya sunkuyar da kai, amma ba ya tashi sama da ƙirji. In zai yi kabbara, hannu ɗaya ke kaiwa kunne. In zai yi shafar kai a alwala, da hagu yake tallafo dama. Mma Azara ta kwance kambun da kanta, ba ta ƙara maganarsa ba har ta rasu, amma duk lokacin da ta wuce nan sai ta ajiye mini ƙullin man kaɗanya a gefen benci ta wuce ba sallama. Fuseini bai sake shiga fili ba, alhali yana kan ganiyarsa. Shi ya nema wa Alidu tebur a bakin tasha ya fara sayar da doya a zaune, kuma shi ke sauke masa kaya kowace safiya kafin ya tafi nasa aikin. Da gwiwoyinsa suka gaji, 'ya'yansa suka karɓa.

Yanzu kokawar girbi ta ja baya, filin makarantar ma an kewaye shi da katanga. Ku ne kuka rage, da katifunku da ɗamarunku, kuma ban raina ku ba, kafaɗa ɗaya ce da ta kakanninku. Abin da ke ba ni haushi kawai shi ne ku zo mini da rabin jiki.

Shi ke nan na komo ga saurayin nan na ranar Asabar. Da na ƙi taɓa shi, ya fara mayar da rigarsa yana ƙunƙuni. Sai ɗaya daga cikin dattawan nan biyu na kan benci ya ce, "Yaro, tsaya." Ya juya wurin na kusa da shi ya ce, "Fuseini, cire mini." Fuseini ya miƙe a hankali, ya kama babbar rigar saƙin da ke jikin dattijon ta wuya, ya zare masa ita ta kai, kamar yadda yake saka masa ita kowace Juma'a tun kafin a haifi wannan saurayin. Alidu ya ɗaga hannun hagu, ya miƙe sama ɗoɗar, har yau kamar na ɗan shekara ashirin. Sannan ya ɗaga na dama. Ya taso kaɗan, ya yi rawa, ya tsaya a ƙirji.

Ya ce, "Ka ga wannan na sama? Shi ne mai ciwo. Wannan kuma shi ne mai lafiya."

Saurayin ya tsaya yana kallo. Can ya tuɓe rigarsa gaba ɗaya, ya rataye a madubin babur, ya zauna a benci tsakanin tsofaffin biyu. Na ɗebo mai, na narkar da shi a tafina, na fara da ta dama.